Ɗakin Saman da Nereida Ta Gina

Duk wanda ya zauna a gidanmu na titin Lealtad ya san muryar Nereida Peñalver kafin ya san fuskarta. Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nata, tun ina amarya har yau da furfura ta cika mini kai, saboda haka babu faɗan da ta yi da bai shiga kunnena ba, ko ina so ko ba na so. Ta yi da mai raba burodi, ta yi da masu gyaran famfo, ta yi da mijinta har ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti bai dawo ba. Amma faɗan da ya fi kowanne, wanda ya sa rabin gidan nan suka daina gaishe ta, a kan ɗakin sama ne.

Aikinta wanki da guga ne a wani asibitin haihuwa. Can ƙuruciyarta ta ƙare cikin tururi da kumfar sabulu, har ta ajiye aiki da damatsa irin na 'yan dako da gwiwoyi masu ƙara in za ta miƙe. Ba ta da ƙiba, ba ta da tsawo, amma in ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu, har masu wasan domino sukan sassauta buga tebur.

Gidan namu na wani attajirin sukari ne a da, tun kafin a haifi iyayenmu. Da ya tafi aka yayyanka shi, kowane iyali ɗaki guda, hawa biyu kewaye da tsakar gida. Ɗakunan ba su da faɗi, amma tsawo kam sai wanda ya gani: mutum zai hau kafaɗar ɗan'uwansa ya miƙa hannu bai taɓa rufi ba. To, a Havana ba a zuba wa irin wannan sarari ido. Sai a gindaya katako a tsakiya, a shimfiɗa allo, a kafa tsani, ɗaki ɗaya ya zama biyu, ka samu abin da muke kira barbakowa ke nan. Nawa an raba shi, na kowa an raba. Na Nereida kaɗai ya rage yadda attajiri ya bar shi, shi ya sa 'yan gida ke mata tsiya suna kiranta uwargidan mai sukari.

'Yarta ɗaya ce, Yanelis, malamar makarantar yara. Da ta auri Osmani, wani saurayi mai tuƙa keken haya, ba su da inda za su, sai suka tare a ɗakin. Aka ɗaura labule a tsakiya. Da aka haifi Lianet labulen ya zama abin dariya: gado biyu, gadon jaririya, firiji, risho, keken Osmani da ake shigo da shi don ɓarayi, da mutum huɗu suna shaƙar numfashin juna.

Wata Asabar da hantsi ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, sai ga Osmani ya shigo da wani mutum mai fensir a bayan kunne. Na san shi, Eusebio ne, magini. Nereida na guga. Mutumin ya ɗaga kai ya yi fito.

"Sannu da gida, Mama. Kai, wannan ai ɓarnar wuri ake yi! Ki ba ni 'yan kwanaki, ki ga jikarki tana barci a sama kamar 'yar gwamna."

"Wa ya kira ka?"

Osmani ya ce, "Ni ne, Mama. Rabin titin nan shi ya yi musu."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. "To, madalla. Katakon da za ka gindaya, a kan me zai zauna?"

"A bango mana. In huda nan, in huda can, in cusa, in liƙe da siminti."

"Bangon nan ya girmi kakarka. Me ke cikinsa? Bulo ne, ko dutse da ƙasa?"

Eusebio ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kara kunne. "Lafiyarsa ƙalau."

"Da yatsa? Ko kankana za ka saya ai ka fi haka dubawa. To, nauyin me zai ɗauka? Gado da kabad da mutum uku? In sun yi baƙi fa? Iska ta ina za ta shiga? Cikin watan Agusta ka kwantar da jaririya a ƙarƙashin rufi ba taga, ai dafa ta ka yi. In wuta ta kama a ƙasa, ta ina za su sauko da goyo? Ta irin tsanin kajin nan da kake kafa wa mutane? Wayar lantarki fa, kai za ka ja ko wa? Wa zai sa hannu a takardar izini? In abin ya faɗo, a ina zan same ka?"

Eusebio ya dubi Osmani ya yi murmushi irin na maza. "Mama, ki bar wa maza aikin maza. Ke dai ki ci gaba da gugarki."

Ban ga lokacin da ta zagayo tebur ba. Sai dai na ga hular Eusebio ta wuce ta gabana ta faɗa kwatar tsakar gida, shi kuma yana biye da ita da baya da baya, Nereida na faɗa masa abin da ba zan maimaita ba game da aikin maza da inda ya kamata ya cusa shi. Bayansa Osmani ya kawo wasu, kowanne ya shigo da dariya ya fita da zagi. Har aka fara cewa a titi, mai son ya ji ya tsani sana'arsa ya je ya gaida tsohuwar Lealtad.

Sababbin 'yan gida suna ganin jaraba ce kawai. Mu tsofaffi mun san mafari. Nereida tana da ƙanwa, Hortensia, da ke zaune a wani gida irin namu can wajen kasuwa, wanda aka ɗora wa ɗaki a kan ɗaki, aka zuba kankare inda bai kamata ba. Wata damina aka kwana biyu ana ruwa, sannan rana ta buɗe da zafi. Da tsakar rana gidan ya zauna a kan kansa, Hortensia na ciki tana dafa wake. Nereida ta baro asibiti a guje da kayan aiki a jikinta, ta yi tono da hannu har faratanta suka fita. Sai washegari aka ciro gawar. A wurin jana'iza wata mata ta rungume ta tana cewa lokaci ne ya yi. Nereida ta ture ta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Lokaci ba ya kwaɓa siminti. Mutum ne ya zuba shi a kan ruɓaɓɓen katako, kuma yana da suna." Ba a taɓa samun sunan ba. Tun daga ranar fushin ya zauna mata a ƙirji, bai sake tashi ba.

Yanelis ta san duk wannan, amma haƙuri yana da iyaka. Wata rana da yamma na ji su ta bango.

"Mama, ni ba Hortensia ba ce! Ni rayayya ce, kuma shaƙewa nake yi! Ina da miji, ko magana ba ma iya yi sai kin ji. In na canza riga sai na ce kowa ya juya baya. Kowa a gidan nan yana kwana a sama, wa ya mutu?"

"Ba a mutu ba tukuna."

"To, sai mu zauna mu ruɓe a ƙasa don ke kina jin tsoro?"

"Tsoro? Ni? Ke da na haife ki a kan benci kafin likita ya iso, ke za ki koya mini tsoro?"

Wani abu ya fashe, faranti ne ina ji. Lianet ta tsala kuka. Can sai na ji Nereida ta ce, muryarta ta sauka amma ba ta yi laushi ba, "Za a yi ɗakin. Amma ni zan kawo wanda zai faɗa mini gaskiya, ba ɗan fensir a kunne ba."

Ta yi ta yawo ofis ofis da gwiwoyin nan nata, a ce ta dawo gobe, ta dawo, a ce wanda ya san aikin ya fita. A ƙarshe wata tsohuwar abokiyar aikinta ta haɗa ta da wata injiniya mai duba tsofaffin gidaje, Zoraida Iznaga. Ranar da za ta zo Nereida ta leƙo ta ce, "Migdalia, zo ki tsaya. Bangon naki ne rabi, kada gobe ki ce ba ki ji ba."

Injiniyar ta zo a kan ɗan babur mai batir, siririyar mace mai gajeren gashi, da jaka a kafaɗa. Nereida ta ba ta kofi, ba ta bari ta kurɓa ba ta fara jero mata tambayoyin da ta kori maginan da su. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta yi murmushi ba.

"Ba zan amsa ko ɗaya ba sai na ga cikin bango," in ji ta. "Kin yarda in ɓata miki fenti?"

"Ɓata."

Ta ciro guduma ta ɓantare yaɓen a wurare da dama. Abin da ke ciki dutse ne da farar ƙasa, wani wurin yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi.

"Wannan bango kansa yake ɗauke da shi da ƙyar. Duk wanda ya ce zai huda shi ya rataya ɗaki, ki kore shi."

"Na riga na kora."

"Ɗakin zai tsaya da ƙafafunsa. Ginshiƙai daga ƙasa, kowanne a kan tushensa, ba ruwansa da bango. Katako mara nauyi, ba kankare, ba tayil. Ba banɗaki a sama, ko sun yi miki kuka. Gilashin nan da ke saman ƙofa a mai da shi taga mai buɗewa, a sake wata ta tsakar gida don iska ta ratsa. Matakala ta gaske mai abin riƙewa, ko da za ta ci miki wurin firiji. Ƙasa a bar tsawon da surukinki zai miƙe, sama kuwa zai ɗan sunkuya, ya yi haƙuri. Waya sabuwa cikin bututu, kada a jona da wannan tsohuwar."

Na ga fuskar Nereida ta saki, abin da na daɗe ban gani ba. Amma injiniyar ba ta gama ba. Ta ɗaga kai tana kallon manyan katakan da ke riƙe da rufi, inda wani baƙin tabo ya yaɗu a kusurwa.

"Tambayoyinki duk daidai ne, Mama, sai dai kin tsallake babbar. Kina tambayar me za ki ɗora a ƙasanki. Ba ki tambayi me aka ɗora a kanki ba. Wa ke sama?"

Dagoberto ne a sama. Tsohon mai koyar da dambe, mai faɗin ƙirji da dariyar da ake ji daga kan titi, mutumin da kowa ke so. Ya buɗe mana ƙofa da fara'a, yana tsokanar Nereida, "Uwargidan mai sukari da kanta a ɗakin talaka!" Muna shiga injiniyar ta tsaya cik. Nasa ɗakin saman da kankare ya zuba shi, ya yi banɗaki da tayil har da baho, a kan banɗakin kuma ya ɗora manyan tankunan ruwa guda biyu, cike fal. Bututu ɗaya yana ɗiga a hankali cikin bango, wa ya san tun yaushe.

Injiniyar ta aro dogon tsani muka koma ƙasa, ta hau ta taɓa ƙarshen katakon da ke kan gadon jaririya. Da ta sauko ta ce a matsar da gadon yanzu, ba anjima ba. Ta ce dole tankunan su sauko tsakar gida, a fasa bahon, a gyara bututu, a tokare katakan kafin a sauya su. Kafin a yi haka ba za ta sa hannu a kan komai ba.

Nan rikici ya tashi, domin tankunan Dagoberto ba nasa ba ne shi kaɗai. Ruwan famfo yakan ɗauke a unguwarmu, wani lokaci har a manta kamanninsa, kuma duk gidan daga tiyon da yake zuro mana ta baranda muke cika bokiti. Ga wani tsoron da ya fi wannan: in maganar ta kai ofis aka ce gidan bai zaunuwa, kwashe mu za a yi zuwa masaukin wucin gadi a bayan gari, inda mutane ke shiga da goyo su yi jikoki suna jiran gida.

Aka kira taro a tsakar gida ranar Lahadi bayan cin abinci. Dagoberto ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, tankunan nan sun fi wasu yaran gidan nan shekaru. Sun taɓa faɗowa? Wa na taɓa hana ruwa? Ke Nereida, ranar da mijinki ya kwanta ciwo, ruwan wa kika yi ta wanke zannuwa da shi?"

"Naka. Na gode. Yanzu sauke su."

"Kun ji ko? Ta kawo baƙuwa ta leƙa mana ɗakuna, gobe a zo da mota a kwashe mu kamar shara!"

Wata mata daga sama ta ce, "Ita ta ƙi gina nata, shi ne take baƙin ciki da na mutane!" Wani ya ce munafuka. Wani ya ce 'yar rahoto. Nereida ta juya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Ku tumaki ne? Kun fi son gini ya danne ku da bokiti cike da a ce ku ɗauki ruwa daga ƙasa? Ba wanda ya kai rahoto, matar ta ce a gyara a tsakaninmu. Amma na rantse da kabarin uwata, in ba a sauke ba ni da ƙafata zan je in kai, a kwashe mu duka, in ya so ku tsine mini a can kuna da rai!"

Taron ya watse da ihu. Washegari aka tsinke mata igiyar shanya, fararen zannuwanta suka kwanta a kwata. Tiyon Dagoberto ya daina tsayawa a ƙofarta, har da tawa, tunda an gan ni tare da injiniya. Mu biyu muka riƙa ɗauko ruwa daga gidan da ke kallonmu, tana tafe tana zagi, ruwa na fantsama mata a ƙafa. Yara suka daina cewa ina kwana. Osmani ya daina zama wurin domino don kunya, ya dawo gida yana huci, shi ma ta haɗa da shi.

Abin ya ɗauki makonni. Wata rana da azahar ta dawo daga layin sayen kaza ta tarar da ɓaraguzan yaɓe a daidai inda gadon Lianet yake a da, wani guntun ya kai girman tafin hannu. Ta jingina tsanin da injiniya ta bari, ta ɗauki sukundireban Osmani, ta fita tsakar gida inda Dagoberto ke tsaka da wasa. Ta cafki wuyan rigarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa samari naushi, sai ga shi tsohuwa tana jansa kamar ɗan akuya, yana dariyar borin kunya yana cewa, "Ke, ke, rigar fita ce!" Muka bi su.

"Hau," in ji ta, ta danƙa masa sukundireban. "Kai namiji ne, ka san aikin maza. Hau ka soka a ƙarshen katakon can. In ya ƙi shiga, ni da bakina zan ba ka haƙuri a gaban kowa, in wanke maka kaya har in mutu."

Ya hau yana wasa da 'yan kallo. Ya ɗora bakin ƙarfen a jikin katakon, wanda kaurinsa ya kai cinyarsa, ya ɗan danna. Ƙarfen ya shige har mariƙi, kamar cikin dafaffen rogo. Da ya zaro, baƙin ruwa da gari da gara suka zubo masa a fuska da ƙirji. Ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe a kan tsanin yana kallon ramin. A daidai saman wurin ne gadon da shi da matarsa suke kwana.

Ya sauko ya miƙa mata sukundireban, bai dube ta ba, ya fita. Kafin magariba muka ji ruwa yana kwarara ta tiyo cikin duk wani bokiti da tukunya da ke gidan. Ranar Asabar maza suka sauke tankunan da igiya, suna ta ba juna umarni. Aka girke su a tsakar gida, injiniyar ta zo ta nuna inda za a tokare. Dagoberto da kansa ya fasa bahonsa da guduma, kowane bugu kamar da wani yake. Har yau bai sake yi wa Nereida magana ba. Ita kuwa cewa ta yi, "Gaisuwarsa ba ta riƙe rufi."

Ginin nata ya ci lokaci mai tsawo, don katako a garin nan sai an yi farautarsa. Osmani ya riƙa kawo shi guda guda a kekensa, Nereida ta duba kowanne, ta shinshina, mai alamar gara ta mayar. Wani kafinta da injiniyar ta sani ya yi aikin, mutum mara magana, wanda ya gane cewa in ta tambaya amsa take so, ba wasa ba. A hankali ginshiƙai suka tsaya, allo ya shimfiɗu, matakala ta hau da abin riƙewarta. Ranar da aka buɗe tagar saman ƙofa iskar teku ta ratsa ɗakin har labulen nan ya tashi. Nereida ta dafa shinkafa da baƙin wake da soyayyar ayaba, ta aiko mini da kwano. Ta ɗinka wa Lianet ɗan zanin gado mai furanni.

Saura fenti kawai Yanelis ta zaunar da ita. Ina ɗakin, ina taya su goge ƙura.

"Mama, takardunmu sun fito. Wan Osmani da ke Montevideo, can ƙasar waje, ya samo masa aiki. Ƙarshen wata za mu tafi."

Nereida ta ci gaba da goge matakala kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Tun yaushe kuka fara nema?"

Yanelis ta dubi mijinta. Osmani ya ce, "An ɗan jima, Mama. Ba mu san za a dace ba."

"Tun kafin injiniya ta zo?"

"Wajen lokacin."

Ta miƙe a hankali, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Wato ina ɗaukar ruwa daga ƙetaren titi, ana zuba mini wanki a kwata, ana kirana 'yar rahoto a gidan da na tsufa, ku kuna can kuna ɗaukar hoton fasfo? Kai kana kawo mini katako kana kallon idona?"

"In da mun faɗa miki da kin bari!" Yanelis ta ce, ita ma ta miƙe. "Da tankunan na nan a kanki! Kuma in ba a dace ba fa, a ina za mu kwana? Mama, ba ɗaki ne kawai ba. Albashina ba ya sayen takalmin yarinyar nan. Kina so ta girma a layin kaza kamar ni, kamar ke?"

"Kada ki raina layin da ya ciyar da ke!"

"Ban raina ba, gajiya na yi! Ke ba ki taɓa tambayata me nake so ba. Bango kika tambaya, katako kika tambaya, ni ba ki tambaye ni ba!"

Nereida ta ɗaga tsumman da ke hannunta kamar za ta kai mata duka, sai ta maka shi a ƙasa. "Ku tafi. Ku tafi yau ma in kun so. Amma kada wanda ya hau matakalar nan. Ban gina ta don 'yan kwana uku ba."

Haka kuwa aka yi. Har suka tafi a ƙasa suka kwana, bayan labule, sabon ɗaki na sama ba kowa. Ranar tafiya ba ta raka su filin jirgi ba. Ta goya Lianet ta zagaya da ita tsakar gida, ta sauke ta a bakin mota, ta cusa ɗan zanin gadon a jakar uwar ba tare da ta dube ta ba, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Duk yinin ranar ina jin ƙarar buroshi a kan daɓe, tana wanke ɗakin da ba shi da datti.

Mutane sun zo neman haya, har da masu son ajiye baƙi 'yan yawon buɗe ido, ta kore su. Ɗakin ya yi wata da watanni a rufe, sai tagar da take hawa ta buɗe kowace safiya tana tsine wa gwiwoyinta. Daga baya tsohuwar abokiyar aikin nan tata ta kawo mata jikarta, wata yarinya daga Guantánamo, can gabashin ƙasarmu, mai koyon aikin jinya, da ba ta da wurin kwana. Nereida ta ce mako ɗaya kawai. Yarinyar tana nan har yanzu. Kullum suna faɗa a kan rediyo da jiƙaƙƙen tawul, da kuma ƙin cin abinci kafin a fita aiki.

Nereida ta ƙi riƙe waya, ta ce ba ta da wanda za ta kira. Don haka wayata Yanelis take turo saƙon murya da hotuna. In sun zo nakan buga bango, ita kuma sai ta ɗauki lokacinta, ta shigo kamar gishiri ta zo aro. Shekaranjiya ta zauna a bakin gadona, na kunna mata. Yanelis na cewa suna lafiya, sanyi ne kawai, Lianet ta shiga makaranta, tana tambayar kakarta. Nereida ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallon hoton.

"Ƙarya take," in ji ta. "Dubi wuyanta, ta rame. Kuma wa ya yanke wa yarinyar nan gashi haka kamar ɗan fursuna?"

"In danna ki faɗa mata da bakinki?"

"Ba ni da abin faɗa mata." Ta miƙo mini wayar ta tashi. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. "Ki ce ta riƙa cin abinci. Ki ce ta sa wa yarinyar safa. Kada ki ce ni na ce."

Ta ɗauki jakarta ta fita, don an ce an kawo man girki a shagon kwana, kuma tun daga tsakar gida na ji ta fara faɗa da wani da ya ce shi ne a gabanta a layi.